Na kwashe foldar Snapshots daga kwamfutar marigayi Yayana, aikin shekara uku ya ɓace

Malam, Yayana ya rasu wata biyar da suka wuce. Ya bar laftof mai ɗauke da VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta cikin kwamfuta, a ciki kuma akwai wata kwamfutar mai Windows 7 da yake aiki da ita saboda tsohuwar manhajar lissafinsa ba ta tafiya a sabon Windows. A nan yake rubuta bashin da yake bin mutane da wanda ake bin sa, a nan kuma ya tara hotunan yaransa. Matarsa ta ba ni laftof ɗin da kalmar sirri, ta ce in fitar mata da su. Na kunna, ta tashi, ba a jima ba ta tsaya cak tana cewa faifai ya cika. Wani abokina ya ce foldar da ake kira Snapshots tsohuwar ajiya ce kawai, in kwashe ta in samu wuri. Na yanke ta na kai faifan waje. Tun daga nan kwamfutar cikin ta ƙi tashi. Na buɗe babban fayil ɗin .vdi mai GB 38 da 7-Zip, manhajar buɗe ƙunsassun fayiloli, na ga takardu da hotuna, amma komai ya tsaya a 2021. Na shekara ukun ƙarshe babu ko ɗaya. Yanzu abokin ya ce in ƙirƙiri sabuwar kwamfuta a VirtualBox in jona mata babban fayil ɗin ko za ta gyaru. Sati biyu ke nan ina kauce wa kiran matar Yaya. Shin na goge abin da ya bari ne?

Ƙanena, Allah ya jiƙan Yayanka, ya raya abin da ya bari. Bari in fara da abin da ya hana ka barci: bisa yadda ka bayyana, ba ka goge komai ba. Shekara ukun da kake nema suna zaune a faifan wajen nan, cikin foldar da ka kwashe. Ka raba abu biyu ne da ba sa karantuwa sai a haɗe. Abin da nake roƙon ka shi ne kada ka sake taɓa maɓalli ko ɗaya a VirtualBox ɗin laftof ɗin sai ka gama karanta wannan amsa, musamman Discard da Restore da Delete da Remove. Shawarar abokinka ta biyu ma ka ajiye ta gefe, zan faɗa maka dalili.

Sunan foldar ne ya yaudare ku, kuma yana yaudarar mutane da yawa. Wanda ya ga kalmar sai ya ɗauka hotunan baya ne aka adana, na yanzu kuma yana cikin babban fayil. Akasin haka abin yake. Ka ɗauki babban fayil ɗin .vdi a matsayin littafin lissafi. Ranar da Yaya ya ɗauki sinafshot na farko, wato ya sa VirtualBox ya riƙe yanayin kwamfutar cikin na wannan lokacin don a iya komawa gare shi, a 2021 ke nan bisa abin da ka gani, VirtualBox ya rufe littafin ya daina rubutu a cikinsa gaba ɗaya. Sai ya buɗe sabon fayil a foldar Snapshots, duk gyara da ƙarin da aka yi daga ranar a can yake sauka: shafi kaza ya canza, ga sabonsa, shafi kaza da babu komai, yanzu ga abin da ke ciki. Da aka ɗauki sinafshot na biyu sai aka rufe wannan ma, aka buɗe wani a kansa. Idan Windows ɗin ciki ya nemi wani yanki na faifai, VirtualBox yakan duba fayil na ƙarshe tukuna, in babu ya koma na bayansa, har ya isa babban. Shi ya sa babban fayil ɗin ya nuna maka 2021, domin a nan aka rufe shi. Shi ya sa kuma fayilolin Snapshots, masu dogon suna na haruffa da lambobi cikin baka, ba za su buɗu su kaɗai su nuna maka folda da hotuna ba. Gutsattsari ne kawai a cikinsu, kowanne megabait ɗaya, waɗanda ba su da ma'ana sai an ɗora su a kan na ƙasansu.

Wannan ma shi ne ya cika faifan tun farko. Fayil ɗin sinafshot yana ta girma ne muddin ana aiki, har ya iya fin babban, kuma idan faifan laftof ya cika, VirtualBox yakan dakatar da kwamfutar ciki don kada ta ci gaba da rubutun da ba shi da wurin sauka. Tsayawar da ka gani kariya ce, ba lalacewa ba.

To, me ya sa na ce kada ka jona babban fayil ɗin ga sabuwar kwamfuta? Na farko, ba zai gyara komai ba, 2021 ɗin dai za ka sake gani. Na biyu kuma shi ne abin tsoron. Fayilolin sinafshot sun dogara ne da cewa abin da ke ƙarƙashinsu bai motsa ba ko da ƙwayar bait. Windows kuwa da zarar ya tashi yake fara rubutu a faifai, ko ba ka buɗe komai ba. Muddin tsohuwar kwamfutar na cikin jerin VirtualBox, yakan gane cewa babban fayil ɗin yana da 'ya'ya, wato fayilolin sinafshot da ke kansa, ya kare shi. Amma mutum cikin ruɗani yakan cire tsohuwar daga jeri don ya fara sabo, ko ya kai fayil ɗin wata na'ura, a nan kuma babu mai kare shi. Da an yi rubutu a kansa, gyare-gyaren shekara uku za su zauna a kan shafukan da ba nasu ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Wannan ce kaɗai hanyar da nake ganin za ka iya yin asarar da kake tsoron ka riga ka yi.

Aikin farko ba gyara ba ne, kwafi ne. Ka samo wani faifan waje na daban, ba wanda Snapshots ke ciki ba, mai wuri kamar ninki uku na duk abin da za ka kwafa. Ka tabbata tsarinsa NTFS ne ko exFAT. FAT32, wanda yawancin ƙananan filash ke zuwa da shi, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai GB 4. A kan wannan ma ka koma ka duba faifan da ka kai Snapshots: idan FAT32 ne, manyan fayilolin ba su ƙaura ba, suna nan a laftof, ƙananan ne kawai suka tafi. Ka duba wuraren biyu kafin ka ce wani ya ɓata.

A laftof ɗin, ka rufe VirtualBox gaba ɗaya, ka shiga foldar mai amfani ta Yaya, za ka ga VirtualBox VMs, a ciki akwai folda mai sunan kwamfutar. Ka kwafe ta dukanta, kwafi ba yanka ba. Kada ka zaɓi babban fayil ka bar ƙanana. Akwai wani ɗan mitsitsin fayil mai ƙarewa da .vbox, da ɗan'uwansa .vbox-prev, waɗanda ba su kai hoton waya ɗaya nauyi ba, amma a cikinsu aka rubuta wane fayil ne ke kan wane. Su ne taswirar. Idan ma an kulle faifan da tsarin ɓoye bayanai na VirtualBox, makullin a cikin wannan ɗan fayil ɗin yake zama, kuma in ya ɓata babu mai iya buɗe faifan har abada. Kai dai ba ka cikin wannan matsalar, tunda 7-Zip ya nuna maka sunayen fayiloli sarai, abin da ba zai yiwu ba da a kulle faifan yake. Sannan ka kwafo foldar Snapshots daga ɗaya faifan, ka saka kwafin cikin kwafin foldar kwamfutar, da sunanta daidai yadda yake. In ka ga fayil mai ƙarewa da .sav a ciki, shi ma ya zo.

Kada ka yarda da kwafi don kawai Windows bai yi ƙorafi ba. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta certutil -hashfile, sai hanyar fayil ɗin cikin alamar zance, sai SHA256. Zai ɗau lokaci a kan manyan fayiloli, sannan ya fito da jerin haruffa da lambobi 64, wanda kamar zanen yatsan fayil ɗin ne. Ka yi wa na asali, ka yi wa kwafi. In sun zo ɗaya, kwafin ya cika ba ragi. Na san aiki ne mai gundura, fayil huɗu ko biyar kowanne sau biyu, amma shi ne zai ba ka damar yin kuskure a gaba ba tare da gabanka ya faɗi ba. Bayan haka ka kashe laftof ɗin Yaya, ka cire faifan farko, ka ajiye su. Daga nan har ƙarshen aikin ba za ka sake buƙatar su ba.

Abu ɗaya zai iya tsayar da kai a wannan matakin. Idan kwafin ya tsaya da saƙon kuskuren karanta bayanai, ko ka ji faifan yana ƙas-ƙas, kada ka yi ta maimaitawa, domin kowane yunƙuri yana ƙara gajiyar da faifan da ya fara mutuwa. Akwai manhajar Linux mai suna GNU ddrescue da aka yi domin irin wannan: tana kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna, ta bar masu ciwo sai ƙarshe, tana kuma rubuta inda ta tsaya. In ba ka saba da Linux ba, nan ne wurin neman wanda ya saba.

Sauran aikin a wata kwamfutar za ka yi, ba ta Yaya ba. Dalili shi ne kowane faifan VirtualBox yana da lambar shaida tasa, kuma ba ya yarda a yi rajistar biyu masu lamba ɗaya a na'ura ɗaya, sai ya ƙi kwafin, kai kuma ka shiga cire na asali don ka ba shi wuri. Ka saka VirtualBox a ɗayar, sabon fitowa ko daidai da na laftof ɗin. Kafin ka buɗe shi, ka buɗe kwafin .vbox da Notepad don karantawa kawai, kada ka adana komai. Kusa da sama za ka ga layuka masu farawa da HardDisk, kowanne a cikin na gabansa kamar ƙwarya cikin ƙwarya. Na farko shi ne babban .vdi, sauran su ne na Snapshots, kowanne da sunan fayil ɗinsa. Ka ƙirga su, ka gwada da abin da ke foldar. Idan kowane suna yana da fayil ɗinsa, to ka yi hamdala, aikin Yaya yana nan cif.

Sai ka shiga Machine, ka danna Add, ka nuna masa kwafin .vbox. Kada ka kunna ta. Ka danna dama a kanta ka zaɓi Clone, ka zaɓi Full Clone, a tambayar sinafshot kuma ka zaɓi Current machine state. VirtualBox zai bi jerin nan daga ƙasa zuwa sama ya haɗe su cikin sabon fayil guda ɗaya, wanda ke ɗauke da faifan kamar yadda yake a ranar ƙarshe. Ba ya taɓa waɗanda ya karanta. Mai son rubuta umarni yana iya yin haka da VBoxManage clonemedium, ya nuna masa fayil na ƙarshe a jerin, har ma ya ƙara --format VHD don ya samu nau'in da Windows ke jonawa da kansa ta Disk Management, inda akwai akwatin Read-only da ya kamata a yi wa alama. Amma kai da ka riga ka saba da 7-Zip, ba ka buƙatar wannan.

Ka buɗe sabon fayil ɗin da 7-Zip kamar yadda ka yi wa na farko. Windows 7 yakan yanka wani ƙaramin ɓangare na MB 100 domin tashi, ka bar shi, ka shiga babban. Ka nufi Users, ka shiga sunan Yaya. Hotuna da takardu suna Pictures da Documents da Desktop da Downloads, amma ni shawarata ka fitar da foldar sunansa kacokan, har da AppData, wadda Windows ke ɓoyewa. Manhajoji da yawa a nan suke ajiye bayanansu, har da na wasiƙun imel. Ka leƙa ProgramData da Public da kuma gindin faifan, domin tsofaffin manhajojin lissafi sukan buɗe foldarsu a can. Alherin 7-Zip a nan shi ne karatu kawai yake yi, kuma ba ya tsayawa neman izinin shiga foldar wani mai amfani kamar yadda Windows ke yi.

Hotunan za su fito a shirye. Lissafin bashin ne zai iya ba ka ɗan aiki, don sau da yawa fayil ɗin irin wannan manhaja ba ya buɗuwa sai a cikinta. A nan ne kawai za ka kunna kwamfutar, kuma wadda Clone ya haifar za ka kunna, bayan ka gama fitar da fayiloli. Kafin ka kunna, ka shiga Settings ka kashe Network, saboda Microsoft ya daina tura wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, bai kamata ta hau intanet ba. Tunda ta tsaya ne ba shiri ranar da faifai ya cika, tana iya neman ta duba faifanta yayin tashi. A kan wannan kwafin ka ƙyale ta ta duba, ba abin da zai same ka. Ka buɗe manhajar, ka fitar da rahoton kowane bashi zuwa PDF ko Excel, ka kuma buga a takarda. Matar Yaya ba za ta riƙa kunna kwamfuta cikin kwamfuta duk lokacin da wani ya zo da maganar kuɗi ba.

Idan kuwa ƙirgar nan ta nuna fayil ɗaya babu, to magana ta canza, kuma gara in faɗa maka tun yanzu. Duk abin da ke sama da wanda ya ɓata ba zai haɗu ta hanyar da na bayyana ba. Za ka samu faifan har zuwa inda jerin ya yanke. Abin da ya rage sai tsince: manhajar PhotoRec, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, tana bin ɗanyen fayil tana gane hotuna da takardu ta alamun farkonsu. Tana dawo da su ba suna ba folda, manya kuma sukan fito a yanke. Ya fi babu, musamman ga hotuna, amma ba zai dawo da lissafi a tsare ba. Ban sa ran za ka kai nan ba, tunda yanka ka yi ka liƙa, Windows kuma ba ya cire fayil daga inda yake sai ya gama sauke shi a sabon wuri.

Masu karatu da ke da wata manhajar, wannan tarkon iri ɗaya ne a ko'ina, suna ne ya bambanta. A VMware fayilolin suna ƙarewa da -000001.vmdk da makamantansu, kuma faifan kansa yana iya zuwa a yanke gida-gida na GB 2 da wani ɗan fayil mai bayanin jerinsu, duk sai an kwafe. A Hyper-V sunansu .avhdx. A QEMU fayil ɗin qcow2 ne ke nuna wanda yake zaune a kansa, umarnin qemu-img info --backing-chain kuma yana jero su. Shi qemu-img yana juya nau'o'in faifai da yawa, amma ba ya karɓar 'ya'yan sinafshot na VDI, don haka aikin haɗe su na VirtualBox ne.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Ka kira matar Yaya yau, kada ka jira sai ka gama aikin. Kai kana ganin kana kare ta daga mummunan labari, ita kuwa abin da take gani shi ne ta damƙa amanar mijinta ga ƙaninsa, a ciki akwai lissafin kuɗi, sai ya daina ɗaga waya. Ka yi tunanin abin da zuciya za ta iya raya wa mace mai jimami a sati biyu na shiru. Gaskiyar kuwa ba ta da muni ko kusa. Ka ce mata: na matsar da wata folda bisa kuskure, na tsorata na ɗauka na ɓata, shi ya sa na yi shiru, kuma ban kyauta ba, yanzu na gane abin da ya faru, ina kwafe komai kafin in ci gaba. Kada ka yi mata alkawarin rana sai ka ƙirga fayilolin nan. Abokinka ma kada ka riƙe shi a rai, taimako ya nufa, sunan foldar ne ya ruɗe shi kamar yadda ya ruɗe ka. Ka dai daina gwada shawarar kowa a kan na asali.

Akwai kuma abin da ba wanda zai gaya maka sai ka ci karo da shi. Faifan mutum ba hotuna da lissafi kaɗai ke ciki ba. Akwai wasiƙu, akwai rubutun da ya yi wa kansa, akwai sirrin mutanen da suka ci bashinsa suka yarda da shi. An aike ka abu biyu ne, ka ɗauko su, sauran ka kwafe a dunƙule ba tare da ka buɗe ba, ka miƙa mata, ita da magadansa su yanke abin da za a yi da shi. Idan ka nemi taimakon mai gyara, ka ba shi kwafi, ka zauna a wurin. Ranar da za ka kunna Windows 7 ɗin nan kuma, za ka tarar da allon yadda ya bar shi, da jerin takardun da ya buɗe na ƙarshe. Ka tambaye ta ko tana so ta kasance a wurin, in ta ce a'a kada ka matsa.

Idan ka gama, ka ajiye abin da ka fitar a wuri biyu daban, ɗaya a hannunta. Laftof ɗin Yaya da faifan farko su zauna yadda suke har sai ta duba hotunan da kanta ta ce ta ga na bara, an kuma gwada lissafin da wani bashi da ta sani. In ƙirgar .vbox ta ba ka wahala, ka sake rubuto mini da adadin layukan HardDisk da ka gani, da sunan kowane fayil na Snapshots da girmansa da kwanan watansa, mu bi su tare.